Karen Garke Ya Lashe Maganin Inna

Yaya Badaru,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Baure, yaya shanu? Ni lafiya lau a Alƙahira, sai ƙafa da ke kumbura don tsayuwar aiki, amma ba komai.

Wallahi raina ya ɓaci. Maganin gyaran cikin da na aiko wa Inna, kun dama a ƙwaryar nono kun ajiye a ƙasa, karen garke ya lashe! Wani likitan dabbobi a nan ya ce yawanci zawo kawai zai yi. Amma ku kai wa na Daura kwalbar ya duba, wani zaƙin da ake sakawa a irin wannan magani yana kashe kare.

Kun cika min kunne da kare. Inna fa? Ba wanda ya ce min ko ta iya cin tuwo.

Allah ya ba ta lafiya.

Ƙanwarka, Murjanatu