Ba Ni Na Sayar Da Ɗanki Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙani ga babbar yayarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara wa maigidan sauƙin ciwon bayan nan, ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya, sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana takawa bakin ƙofa ba sanda, sai dai likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta ce wannan likita bai san daɗin duniya ba. 'Yata Auta ta gama jarrabawa, tana zaune a gida ta cika mana kunne da waya. Mai ɗakina ta koma aiki, an mayar da ita reshen da ke kusa da gida, ta huta da cunkoson hanya.

Yaya, na zaɓi rubutu ne saboda ranar da kika kira ni ba ki bar ni na ce komai ba. Kin ce na sayar da ɗanki kamar ragon kasuwa, kin ce ni da nake kawunsa kuma kocinsa na zauna aka yi cinikinsa a gabana ban ce uffan ba, sannan kika kashe waya. Takarda dai ba a katse ta. In kin ga dama ki yaga bayan kin karanta, amma ki daure ki kai ƙarshe.

Lokacin da aikin maigidan ya ɗauke ku, a hannuna kika bar Tsani, yana dogon yaro mai harɗe ƙafa in yana gudu. Kin tuna Inna ce ta laƙaba masa sunan, don shi ke sauko mata da kaya daga saman kabad. Ba gori zan yi ba, ba a yi wa ɗa gori. Ina so ne kawai ki tuna ni na fara ɗora masa ƙwallon kwando a hannu, ni na kai shi ƙungiyarmu lokacin da manaja yake cewa yaron tsawo kawai gare shi, kuma ni na tsaya har ya zama abin da ya zama. Shekarun nan hotonsa ne a jikin motar ƙungiya, shi ne a babban kyallen da ke rataye a ƙofar filin wasa, rigar da ke ɗauke da lambarsa kuwa har jarirai ake sa wa.

Ga yadda maganar ta taso. Kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen wannan kakar wasa, kuma kowa ya san ba zai sabunta ba. A dokar wasanmu, in ɗan wasa ya cika kwantiragi ya tafi, ƙungiya ba ta samun komai, sai dai ta ɗaga masa hannu. Amma in ta miƙa shi ga wata ƙungiya kafin a rufe kasuwar musaya, za a ba ta 'yan wasa a madadinsa. Manaja ya ce a miƙa shi tun da sauran daraja. Ni na ce a riƙe shi, domin bana ne karo na farko da muka hango kofi da idonmu, ƙungiyar da tun kafuwarta ba ta taɓa ɗaga shi ba. Ba zan ce manaja wawa ba ne. Shi yana duba shekaru masu zuwa, ni ina duba mutanen da suka tsufa a kan bencinan nan suna jira. Amma na san ba a gina ɗaki a kan zato, don haka na ce bari in ji daga bakin mai ita.

A falon Inna na same shi, ranar hutu bayan mun ci abincin rana, ya miƙe ƙafafun nan nasa har sun tare hanyar kicin. Na tambaye shi gaskiyar abin da ke ransa. Ya ce zai tafi in kaka ta ƙare, yana son ƙungiya mai girma, yana son ya gwada kansa da manya. Na ce ban hana shi ba, ko ni ne a shekarunsa haka zan yi, kuma da hannuna zan raka shi. Abu ɗaya na roƙa, ya ƙarasa mana kakar. Ya kama hannuna da hannayensa biyu ya ce ba zai motsa ba sai an busa usur na ƙarshe, ya ce kofin nan a cinyar Inna zai ajiye shi. Inna ta yi dariya ta ce ya kawo, za ta riƙa zuba carbi a ciki.

Da wannan alkawari na hau bene ranar taro. Ɗakin taronmu a saman filin wasa yake, da dogon tebur, da na'urar sanyi mai ɗiga da aka ajiye wa bokiti, da bangon gilashi wanda in ka leƙa kana ganin 'yan wasa a ƙasa. Mai ƙungiya na nan, da manaja, da likitanmu, sai ni. Na yi magana kamar ba zan daina ba. Na ce yaron ya ba ni kalmarsa a gaban kakarsa. Na ce in muka riƙe shi ba mu kai wasan ƙarshe ba, a sallame ni, ba sai an ba ni takardar gargaɗi ba. Manaja bai katse ni ba, ya bari na gama tsaf, har na sha ruwa. Sannan ya ce yana jin nauyin faɗa, amma tun kafin wannan zama na falon Inna, Tsani da wakilinsa sun zo ofishinsa da ƙafarsu sun nemi a miƙa shi kafin a rufe kasuwa, har sun faɗi ƙungiyar da suke so. Wakilin nan, wanda ni dillali nake ce masa, ya ƙara da cewa in aka ƙi, to gwiwar yaron za ta fara ciwo, kuma ba a san ranar warkewarta ba. Na dubi likita, ya sunkuyar da kai, ya ce an kawo masa gwiwar ya duba, lafiyarta ƙalau. Mai ƙungiya ya juyo ya tambaye ni, cikin sanyin murya, ko ba ɗan yayata ba ne, ko ba a gidana ya tashi ba. Yaya, da ya zage ni da ya fi min sauƙi. A lokacin ta gilashi ina hango Tsani a ƙasa yana jefa ƙwallo a kwando, ɗaya bayan ɗaya, ko ɗingishi babu.

Na nemi izini na sauka. Na kira shi ɗakin canza kaya, na rufe ƙofa, na tambaye shi. Bai musa ba. Ya zauna yana kwance igiyar takalmi yana sake ɗaurewa, ya ce wakilinsa ya ce damar ba za ta jira ba, in ya ji rauni a wasannin kofi shi ke nan an fasa da shi. Ya ce harka ce, kada in ɗauke ta da zafi. Na ce na ji, wannan tsoro ne da kowane ɗan wasa ya sani, amma me ya hana ya faɗa min a falon Inna maimakon ya kama hannuna? A nan ne ya ce ke kika hana shi. Ya ce tun farko da ke aka yi shawarar, kuma kin ce kada Kawu ya ji sai komai ya kankama, domin Kawu zai ɗaure shi da igiyar zumunci don ya ceci aikinsa.

Ban san ko haka kika faɗa ba kalma da kalma. Amma na san yaron nan tun yana ƙarami, in yana ƙarya kunnensa yake sosawa, ranar kuwa bai sosa ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, kin san duk wannan, kuma kika ɗaga waya kika ce ni na sayar da shi. Na yi ta juya abin a raina. Wataƙila kunya ce ta sa kika riga ni faɗa, wataƙila kuma kin ga in laifin ya zauna a kaina ɗanki ya fita fes. In na biyun ne, to kin samu yadda kike so.

Na koma sama, aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga tare da su. Wannan kam ba zan ɓoye miki ba, da amincewata aka miƙa shi. Wanda ya riga ya ɗaure kayansa ba a ba shi gadin gida. Da mun riƙe shi, da mun samu ɗan wasa mai zama a benci da bandejin ƙarya, sauran yaran suna kallonsa suna koyo. Manaja ne ya yi daidai, ni na yi kuskuren lissafi, kuma ban ji kunyar faɗa masa haka ba.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ciwo. Ranar da sabuwar ƙungiyarsa ta gabatar da shi, ya zauna gaban 'yan jarida da sabuwar riga ya ce shi ya so ya zauna ya ciwo wa magoya baya kofi, amma masu yanke hukunci sun yanke. Ya gode wa mai ƙungiya, ya gode wa likita, ya gode wa direban mota da masu goge fili. Koci kaɗai ya manta. Kin san mutane, nan take suka haɗa biyu da biyu. Aka fara cewa hassada nake masa don ya kai inda ban kai ba. Wasan farko da muka yi babu shi, ina fitowa fili aka tashi da ihu, wani dattijo da ya shafe shekaru yana zama bayan bencina, wanda kullum sai ya miƙo min hannu, ya cire rigar ƙungiya ya jefo min a ƙafa. An kankare min fentin mota da ƙusa. Auta ta daina zuwa shagon bakin layi saboda abin da samari ke faɗa mata. Kyallen hotonsa da aka sauke kuwa, masu aiki suka naɗe suka kawo ofishina, wai ba su san wanda za su ba ba. Yana nan jingine bayan ƙofa, kullum sai na ture shi kafin in shiga.

Yaran da aka ba mu a madadinsa ba su da laifi. Ɗaya gwanin tare gida ne, ɗayan yana da hannu amma har yanzu ɗanye ne, in ya ji ihun jama'a sai ƙwallo ta zame masa. Nan gaba za su yi amfani, wataƙila a hannun wani kocin. Mun sha kashi a wasannin da a da muke ci muna dariya, kofin da muka hango ya koma inda ya saba zama. Mai ƙungiya bai ce min komai ba, amma yanzu daga nesa yake ɗaga min hannu, na kuwa daɗe a aikin nan, na san ma'anar wannan gaisuwa.

Manaja ya ce in ina so a fito da gaskiya, a faɗa wa 'yan jarida wanda ya nemi tafiya da zancen gwiwar. Na ce a'a. In maganar nan ta fita, babu ƙungiyar da za ta ƙara yarda da ciwonsa ko da na gaske ne, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mai ɗakina ta yi fushi da ni, ta ce ina rufa wa wanda ya tsiraita ni asiri. Zagin filin wasa zan iya ɗauka, an biya ni in ɗauka, aikin ma in ya tafi ya tafi.

Wanda ba zan iya ɗauka ba na Inna ne. Ta ji a rediyo abin da kowa ya ji. Ita da kunnenta ta ji jikanta ya yi alkawari, don haka a wurinta ni na kore shi. Ba ta yi min faɗa ba, kin san ba halinta ba ne. In na je gaishe ta sai ta amsa ta juya fuska wajen taga. Abincin da ta saba ajiye min a kwanon nan mai murfi, yanzu sai ta ce a tambayi yara ko akwai saura. Rannan na ji tana ce wa maƙwabciyarta ba ta san ta haifi ɗa mai sayar da jininsa ba. Ina bakin ƙofa da ledar maganinta a hannu, na ajiye na juya. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa mata, sai in ga in daga bakina ta fito za ta ce wanke kaina nake da sunan yaron da ba ya nan.

Saboda haka ba haƙuri nake so ki ba ni ba, kuma ban ce Tsani ya kira ni ba, duk ranar da ya ga zai iya ya san lambata. Abu ɗaya nake roƙo. Ki kira Inna ki faɗa mata da bakinki yadda aka yi. Ki sassauta yadda kika ga dama, ki ce yarinta ce, ki ce dillalin ne ya ruɗe shi, ki cire sunanki ma in kina so, ba zan tona ba. Amma tsohuwar nan shekarunta sun ja, kuma ba na so ta tafi da wannan a ranta game da ni.

Ki gaishe min da maigidan da kyau, da Babangida, da 'Yar Baba da angonta, da ƙaramar mai sunan Inna, ki ce kawunta bai manta alkawarin keke ba. Mai ɗakina tana gaishe ki duk da komai, Auta ma haka. Allah ya bar zumunci, ya kiyaye Tsani daga rauni a inda yake.

Inna takan kwanta bayan azahar. In kika kira da hantsi za ki same ta.

Ni ne ƙaninki,
Koci