Jifan da Ban Faɗa Ba

Zuwa ga Noella,

Hasken idona, sanyin zuciyata, ranar farko da ke sauka kan tafki bayan wata biyar na ƙanƙara. Ke da a duk faɗin garinmu Thunder Bay muryarki ce kaɗai kunnena bai taɓa jin tana bukatar gyara ba. Gaisuwa gare ki, irin wadda ban taɓa iya furtawa a bakin ƙofarki ba, da fatan kin tashi lafiya, ko da yake ni ban tashi da ita ba.

Na san za ki juya takardar nan ki duba ko an yi ɓatan kai. Tauno ne da waɗannan kalmomi? Tauno mai gyaran fiyano, wanda shekara uku hirarsa ba ta wuce “yau an yi sanyi” ba? Ni ne, Noella. Biro ne kawai ya fi ni ƙarfin hali. Tun ranar Lahadi na kasa aikin kirki. Jiya na je saita fiyanon wata tsohuwa na tsinka mata waya biyu, abin da rabona da yi tun ina koyon aiki. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce mura ce. Ga shi jibi Juma'a, ranar da za ki ba mutanen asibitin Yukon amsa, ni kuma ina nan da bakina kamar an ɗinke.

Bari in koma kan Lahadin, don akwai ƙaryar da na yi miki a ranar, kuma ita ce ta hana ni sakat.

Wallahi ban so zuwa ba. Da yayanki Fernand ya ce bikin cikarsa shekara hamsin a gidan jifan gatari za a yi, raina ya ɓaci. A gidanmu gatari ba abin wasa ba ne. Mahaifina shekara talatin ya yi yana saran itace a daji, kuma doka ɗaya ya sa mini tun ina ƙarami: gatari ba ya barin hannu. Yanzu a ce manya da furfurarsu su taru suna wurgi da shi a katako, suna shewa? Amma kika kira ni kika ce in zo mana, kuma ke kin san in kika ce in shiga tafki a tsakiyar Janairu, takalmi kawai zan tsaya cirewa.

Ina shiga Fernand ya ɗaga kofinsa ya ce a matsa, ga ɗan gado ya iso, yau katakon nan ya shiga uku. Darlene mai koyarwa ta tara mu tana bayani: kada kowa ya ƙetare layi sai na kusa da shi ya yi jifa, a riƙe ƙarshen ƙota da hannu biyu, a kai shi bayan kai, a yi taku ɗaya, a sake shi a hankali ya juya sau ɗaya a iska. Ta maimaita har sau uku cewa ba ƙarfi ake so ba. Ina ta gyaɗa kai, amma a raina cewa nake, me matar da ta zana gatari a dantse za ta koya wa wanda ya gaji gatari a gida?

Kin ga abin da ya biyo baya. Na ɗaga shi kamar zan tsaga gungumen da ƙanƙara ta daskarar, na maka da iyakar ƙarfina. Ƙotar ce ta daki katako, gatarin ya yi tsalle ya dawo, ya sulalo a ƙasa yana ƙara, bai tsaya ba sai taƙi ɗaya daga takalminki. Wayyo Noella! Har yanzu in na rufe ido wannan taƙin nake gani. Da ya ƙara kaɗan fa? Da da wane hannu zan sake taɓa ƙota? Da wane ido zan dubi ƙafar da ke tsayawa awa goma sha biyu a ɗakin marasa lafiya? Fernand ne ya fara magana, ya ce ashe yau ɗan na koya zai ci ɗan na gada.

Ke ba ki ko ja da baya ba. Kika sunkuya kika ɗauke shi, kika miƙo mini ta wajen ƙota, kika ce, “Ba faskare ba ne, Tauno. Sakinsa kawai za ka yi.”

Sannan kika tsaya a bayana, kika sassauta mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, kika ja ni baya rabin taku. Gashinki yana ƙamshin hayaƙin murhu, na kuwa gane hayaƙin, don ni na faskara itacen. Ya ke kurciyar raina, kin san abin da wannan ya yi mini? Shekara uku ina sauke miki itace kowace Laraba, ina jera shi a gefen garejinki, ɓawo a sama don kada ruwa ya shiga, ban taɓa sanin yana bin ki har cikin gashi ba. Na saki gatarin ban ma san na sake shi ba. Ya juya sau ɗaya, ya kafe. Kunnena abincinsa sauti ne, amma ban taɓa jin mai daɗin wannan ba. Kika tafa mini, na ji kamar yaro ɗan shekara tara.

Da aka zo gasa, ƙuri'a ta haɗa ni da ke. Muka gwara kawunan gatura kamar yadda ake yi, jifa biyar-biyar. Kika gama naki kina gabana da maki shida, ni saura mini jifa ɗaya. Tsakiyar allo maki biyar ce, ko na same ta kin cinye ni. Abin da zai fisshe ni kawai shi ne ƙaramin koren ɗigon nan na can sama, wanda bai fi bakin kofin shayi ba, mai maki bakwai. Darlene ta riga ta gaya mana dokarsa: a jifan ƙarshe kaɗai ake nemansa, kuma dole ka ɗaga murya ka faɗa kowa ya ji kafin gatari ya bar hannunka. Duk jama'a suka hau bugun ragar ƙarfen da ta kewaye wurin jifa suna cewa in faɗa, in faɗa. Ke kina tsaye, hannu a ƙugu, kina kallona. Na girgiza kai, na yi kamar tsakiya zan nema.

Gatarin ya tashi ya kafe a tsakiyar koren ɗigo. Wurin ya kaure da ihu, Fernand har da zubar da abin shansa a riga. Darlene ta je ta duba, ta dawo ta ɗauki alli ta zana mini sifili a gaban sunana. Ta ce, “Jifa ya yi kyau, bawan Allah, amma abin da ba a faɗa ba, ba a lissafa shi.”

Kika matso kusa da ni, kika tambaye ni ƙasa-ƙasa ko nufarsa na yi. Na ce ina, suɓuce mini ya yi.

Ƙarya na yi, Noella. Nufarsa na yi. Tun kafin in ɗaga hannu idona yana kansa. Lissafin da na yi shi ne, in na faɗa na kuskure, kowa ya ga na nema na rasa. In kuwa na yi shiru na kuskure, ba wanda zai san na taɓa nema. Kin ji lissafin matsoraci! Kuma na san kin gane, don kin daɗe kina kallona, sannan kika juya wajen Darlene kika ce mata wasu mutanen haka suke yi har tsufa. Kowa ya yi dariya ban da ni. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka zaga ma ya sani.

Da ma a nan abin ya tsaya. A mota, ina mayar da ke gida, kika gaya mini an ba ki aiki a wani asibiti a Yukon, can arewa mai nisa, suna jiran amsa ranar Juma'a. Kika ce me na gani. Tamkar kin buɗe mini ƙofa ne da hannunki, kin tsaya a gefe don in wuce. Ni kuma me na ce? Na ce tayoyin motarki ba za su iya hanyar can ba, sai an canza, batir ma a duba shi. Kika ce, “Shi ke nan?” Na ce Laraba zan kawo itace kamar kullum. Kika sauka kika rufe ƙofar a hankali. Da buga ta kika yi da ya fi mini sauƙi.

Ba neman uzuri nake ba, amma ki san inda na samo wannan ciwo. Mu jikokin mutanen Finland nauyin baki gadonmu ne, har alfahari muke yi da shi. Mahaifina ya zauna da mahaifiyata shekara arba'in da ɗaya, ban taɓa jin ya ce mata kalma mai daɗi ba. In ta yi fushi, ya faskara itace. In ta haihu, ya faskara itace. Ya hura mata ɗakin surace kowace Asabar, ya ɗumama mata mota kafin ta fito. Na tashi ina ganin so ke nan, magana kuwa ta masu wasan kwaikwayo ce. Ranar da muka dawo daga binne shi, na tarar da ita a bayan gida gaban tulin itacen da ya bari, wanda ya ishe ta sanyi huɗu. Ta dafa shi ta ce mini ta san yana sonta, ba ta taɓa shakka ba, amma da ta so ta ji ko sau ɗaya. Na manta da maganar nan shekara goma sha biyu. Sifilin Darlene ne ya dawo mini da ita.

To ga shi. Ina sonki, Noella. Ina sonki tun ranar da na zo gyara fiyanon mahaifiyarki kika soya mini fanke ya ƙone, kika ɗora laifin a kan kaskon. Ina son dariyarki da ba ta neman izini, da yadda kike rera waƙa kina wanke-wanke. Kowane itace da na jera miki, ke na nufa. Kowace dusar ƙanƙara da na kwashe daga ƙofarki kafin ki taso aiki, ke na nufa, sannan na ce hanya ce ta biyo da ni. Wace hanya? Gidana yana kudu, naki yana arewa! In kika tafi, wa zan yi wa wannan ƙaryar? Tafkin nan da girmansa zai zame mini kwatami, Laraba kuma ta zama rana kamar kowace.

Na san rubutu ba faɗa ba ne. Darlene ba za ta karɓi takarda ba, ke ma bai kamata ki karɓa ba. Shi ya sa na kama mana wuri a gidan jifan gatarin gobe Alhamis ƙarfe biyar na yamma, na gayyaci Fernand da duk bakinsa, ya zo ya yi tsiyarsa son ransa. Tun Litinin nake gwaji a bayan gida, na shafa koren fenti a jikin kututture. Jifa sittin na yi, biyu na samu. Maganar ma na gwada ta da ƙarfi a rumfar itace, muryata ta fita a karkace har hankaka ya tashi daga kan rufi. Ba na jin zan sami ɗigon nan gobe. Amma zan tsaya a kan layi, in faɗi inda na nufa, in faɗi wadda na nufa da sunanta, kowa ya ji, kafin gatari ya bar hannuna.

Ba zan riƙe miki ƙafa ba. Aikin nan kin cancance shi, kuma mai jifa a ɓoye ba shi da bakin cewa a zauna dominsa. In kin zauna, na tsira. In tafiyar ce alheri gare ki, to sanyin Yukon ma yana karkata muryar fiyano, kayan aikina kuwa jaka ɗaya ce, in kin yarda in biyo ki. Roƙona guda ne, ya ke abar begena: kada ki ba su amsa sai kin ji tawa da kunnenki. In ba ki zo ba, zan faɗa duk da haka, Fernand ya kawo miki labari.

Yau Laraba. Za ki leƙa gefen gareji ki ga ban sauke komai ba, karo na farko cikin shekara uku. Kada ki damu, na duba, na makon jiya zai kai ki Asabar. Takardar nan kaɗai na kawo.

Naki, ko kin zauna ko kin tafi, muddin hannun nan yana iya riƙe ƙota,

Tauno