Na Uku Ba Shi Ne Mafi Muni Ba, Boaz

Boaz nawa, ruwan farko bayan rani, inuwar mangwaron ƙofar gida, zumar dutsen Kagoro, cittata da ta fi ta kowa yaji, mai mashin ɗin da nake gane kukansa tun daga kwanar tasha!

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu. Ni ce Emilia, matarka. Hannun da ke rubutun nan ba nawa ba ne, ka san ni da biro ba mu taɓa shiri ba. Malama Beatrice ce, gadonta na kusa da nawa, ita ma ɗanta yana ɗakin jarirai. Na roƙe ta ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara. In ka ga magana ta karkace, tawa ce. Na kira wayarka har yatsana ya gaji, tana shiga, ba ka ɗauka. To takarda ba ta ƙara, ba za ta firgita ka ba. Ka buɗe ta ka zauna, don maganata da tsawo.

Yau kwana tara da 'yarmu ta zo, da wata bakwai, tun gonarta ba ta nuna ba. Kwana tara da aka yanka ni aka ciro ta aka sa ta a kwalba, da roba a hanci, da waya a ƙirji. Kwana takwas kuma rabon da in ga fuskarka. Wayyo, kwana takwas! Ni da ko kasuwar Fadan Kaje na je na kwana ɗaya wurin iyayena, washegari da safe kana ƙofa wai hanya ce ta biyo da kai!

Jiya Mama, mahaifiyarka, ta kawo mini kunun acca. Na tambaye ta ina kake, ta juya fuska, ta ce kana lafiya, kana aiki, kai kake ba ta abin da za ta dafa mini. Na ce na sani, amma ina kake zama? Sai ta ce ta wuce ta shagon Udoka mai tura fim a waya, ta gan ka a kan benci, kana ɗaga hannu, jijiyar wuyanka ta fito, kuna gardama a kan fim ɗin nan Ayarin Sama, wai a cikin kashi shidansa wanne ne ya fi muni. Ta faɗa da kunya, tana jira in yi kuka. Boaz, dariya na yi, har ɗinkin ya ja ni na riƙe ciki. Kukan daga baya ya zo.

Ai na san gardamar nan kamar yadda na san addu'ar Ubangiji. Shekara nawa ina jin ta? Udoka zai buga tebur ya ce na biyar ne, domin sun canja wanda yake fitowa a Kyaftin suka manna wa wani gemu, suna tsammani mu makafi ne. Zai rantse da kabarin kakansa direban jirgin ƙasa cewa ko kunnen mutumin ba iri ɗaya ba ne. Abokinku Obadiah zai ce ƙarya ne, na biyu ne, inda mutumin ƙarfen nan Gwangwani ya yi kuka. Zai ce shi walda yake yi tun yana yaro, bai taɓa ganin ƙarfe ya yi hawaye ba sai dai tsatsa. Wani daga baya zai ce ku bar wannan, a na huɗu mai fassara mura yake yi, har masu kan kabewan da suka zo daga wata duniya duk ta hanci suke magana. Sai su juyo wurinka su ce, to Farfesa, yanke mana. Kai kuma ka gyara zama, ka ce na uku. Kullum na uku. Ka ce awa biyu ba a harbi kowa ba, jirgi ya mutu a tsakiyar sama, mutane suna zaune suna kallon jariri a cikin akwatin gilashi. Ka ce wannan fim ne ko layin asibiti? Su fashe da dariya, Udoka ya ba ka hannu. Ni ma ina dariya a lokacin. Me na sani?

Ka tuna ranar farko, sanyin idona? Ina tallan dafaffiyar gyaɗa, ruwa ya kore ni na faɗa shagon Udoka da faranti a ka. An sa na ɗaya a babban allo, amma ruwa yana dukan kwano kamar ana surfe, ba a jin muryar mai fassara, sai rubutun turanci a ƙasa. Kowa yana bin rubutun, ni ina kallon hoto kamar akuya a coci. Ba wanda ya lura sai kai. Ka matsa ka ba ni gefen benci, ba ka tambaye ni ko na yi makaranta ba, ka dai sunkuyo kusa da kunnena ka fara karanta mini. Ka yi muryar Kyaftin, ka yi ta Gwangwani, inda Hausa ta ƙare maka ka shiga yarenmu. Masu kan kabewa suka yi yaren Fadan Kaje a ranar! Gyaɗata ta huce, ban sayar da ko gwangwani ɗaya ba, na koma gida aka yi mini faɗa, ina murmushi kamar mara hankali. A ranar na ce a raina, wannan mutumin in yana kusa, ba rubutun da zai tsorata ni a duniya.

To ga ni a inda ko'ina rubutu ne. A jikin kwalbar akwai takarda, kowace safiya ana ƙara mata layi. Akwai na'ura mai lambobi kore, suna hawa suna sauka, wani lokaci ta yi ƙara kowa ya taho da gudu. Ina tsaye ina kallon rayuwar 'yata a rubuce, ban iya karantawa ba. Nos Faustina tana da kirki, tana gaya mini, amma jarirai goma sha ɗaya gare ta, ba zan riƙe mata riga kowane minti ba. Fuskokinsu nake karantawa. In likita ya ɗaure gira sai in ce shi ke nan, alhali wataƙila yunwa ce kawai yake ji. Ina jin tsoro, Boaz. Ina jin tsoro irin wanda ban taɓa sanin akwai shi ba. Ina kunnena zai samu bakinka?

Kada ka ce ina zagin ka. Na yi fushi, gaskiya, kwana uku ina shirya maka maganganu masu zafi kamar barkono. Amma kwanciyar asibiti tana sa mutum tunani, na yi ta juya ka a raina har na gane ka. Kai ba ka taɓa kallon fim ba sai ka fara jan Udoka gefe ka tambaye shi wa zai mutu. Yana zagin ka, yana cewa kana ɓata wa kanka daɗi, ba ka bari sai ya faɗa. In ka san ƙarshen, sai ka zauna da ƙarfinka, har kai ne mai ba wasu haƙuri. Haka ka yi a nan. Ka zo rana ta biyu, ka tsaya a bakin ƙofar ɗakin jarirai, ka hango 'yarmu, ba ta fi zangarniyar masara ba. Ka ja likita gefe har kusa da ƙofar ɗakinmu, ina jin ka daga kan gado. Ka ce ya gaya maka gaskiya, za ta rayu? Ya ce ba a sani ba tukuna, sai an jira. Ka ce mini bari ka matsar da mashin daga rana. Har yanzu kana matsar da shi.

Ba rashin ƙauna ba ne, na sani. Wa ya sayi ƙaramin soson wanka tun cikin yana wata uku? Wa yake kwantar da kunne a cibiyata yana ba ta labarin taurari? Ƙaunar ce ta yi maka yawa, kamar ruwan Matsirga mai zubowa daga dutse a watan takwas, ka ji tsoron in ka matsa kusa za ta tafi da kai. Amma mai gidana, hasken fitilata, ni fa tuni ta tafi da ni, ina tsakiyar ruwan ni kaɗai.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Na ukun nan da kake zagi, ba ka taɓa kallon sa duka ba. Da an kai wurin akwatin gilashi sai ka ɗauki rimot ka tura gaba, ka tura gaba, ka ce ba abin da ke faruwa. Ni na kalle shi daga farko har ƙarshe, ranar da ka manta wayarka a gida ina da ciki wata biyar. Ka ce Kyaftin bai yi komai ba a ciki. Ya yi. Da wutar jirgin ta ƙare, akwai wani hannu na ƙarfe a jikin akwatin, in ana juya shi akwatin yana ɗumi, in an bari ya huce. Suka yi layi, kowa ya juya nasa ya ba na baya. Mai dafa abinci ya juya, Gwangwani ya juya, Kyaftin ya tuɓe rigar girmansa ya shiga layi kamar kowa, ya juya har tafinsa ya fashe. Bai san ko yaron zai tashi ba. Ba wanda ya sani a cikinsu. Shi ke nan fim ɗin, awa biyu. Kana tura gaba da sauri, shi ya sa ka gan su kamar suna zaune.

Kuma tunda ba wanda ya taɓa tambayata a bencin nan, yau zan jefa tawa ƙuri'ar, Malama ki rubuta da manyan baƙaƙe. Na shida ne mafi muni. Wanda kuke tashi tsaye kuna tafi, inda Kyaftin ya rufe ƙofa ya bar matarsa tana dukan gilashi, ya ja ƙaramin jirgi shi kaɗai ya shiga cikin rana wai don ya ceci kowa. Kun ce namiji ke nan. Obadiah da ya ce ƙarfe ba ya kuka, shi ya fi kowa sharar hanci. Ni kuwa matar nake kallo. Shi ya yi nasa minti biyar, aka yi masa kiɗa. Ita fa? Wa ya nuna mana washegarinta? Shiga wuta sau ɗaya ba shi ne wuya ba. Wuya ita ce ka zauna yau, ka zauna gobe, ba kiɗa, ba tafi, ba wanda zai gaya maka yadda za a ƙare.

Yanzu ga dalilin takardar. Jiya Nos Faustina ta ce 'yarmu ta fara numfashi da kanta na ɗan lokaci. Ta ce abin da zai fi taimakon ta yanzu shi ne a ciro ta a ɗora a ƙirjin mutum, fata da fata, a ɗaure da zane, ta sha ɗumin jiki, ta ji bugun zuciya, awoyi da yawa kowace rana. Na fara. Boaz, ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ɗan tsako ya kwanta a kaina, yatsunta kamar tsinken ashana, amma ta kama fatata ta riƙe! Sai dai ɗinkina ya ɗan yi ruwa, zazzaɓi yana zuwa yana komawa, in ya zo ba sa bari in taɓa ta. Mama ta ce za ta karɓe ni, suka ji tarinta suka hana. Nos ta tambaye ni, ba wani ƙirjin? Na ce akwai. Na ce akwai mai faɗi, mai ɗumi kamar dutsen da ya sha rana, ni na san shi, na kwana a kansa shekara uku. Ta ce to yana ina? Na ce yana zuwa. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya a gaban matar nan.

Matan ɗakin nan kowace ana kiran mijinta Baban wane, Baban wance. Ni na buɗe baki in kira ka haka, babu abin da zan sa a gaba. A takardarta ma an ce sunana aka rubuta, wai jaririyar Emilia, kamar daga sama na tsinto ta. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya tambayi suna, na ce sai ubanta ya gan ta da kyau.

Ba zan yi maka alkawarin za ta rayu ba. Da ina da wannan labarin, da na sa a farkon takarda don ka zo da gudu. Ba ni da shi, likita ba shi da shi, yana hannun Ubangiji. Abin da na sani shi ne yau tana nan, tana da ɗumi, tana da hancinka. In ta rayu, ina so ta tashi ta san ƙamshinka tun daga nan. In kuma Mai ita ya karɓi abinsa, wayyo Allah, bakina ba ya so ya faɗa, to kada ta tafi ba ta taɓa jin zuciyar ubanta ba. Wannan in ya wuce ka, ba za ka yafe wa kanka ba, ni kuma zan zauna da kai ina kallon yana cin ka har tsufa. Kai nake ji wa tsoro, kamar yadda nake ji mata.

Gobe Alhamis, ƙarfe goma na safe ake ciro ta. Ka yi wanka, kada ka fesa turare, kada ka taɓa fetur. Ka yanke farce. Ka sa riga mai maɓalli a gaba, wadda za a buɗe. In tsoro ya tare ka a bakin ƙofa, ka shigo da shi, akwai kujera. In hawaye ya zo, nan ba wanda zai yi maka dariya, duk mun gama namu a gaban juna. Ba zan tambaye ka kwana takwas ɗin nan ba, ko gobe, ko wata rana. Zan ɗaura maka zanen da hannuna.

Na ce Malama ta shafa mini biro a babban yatsa in dangwala a ƙasa, don ka san bakina ne.

Taka tun ranar ruwan nan, taka a kan gadon nan, taka har ranar da za a kwantar da ni a ƙasar gidanku,

Emilia