Daminar da Ruwa Ya Ci Hanya

Litinin, 8 ga Maris, 1954

Mai shela ya zagaya da safe. Za a ɗaga hanyar ƙauyenmu zuwa Haɗeja, a yi mata jinga da kwalbati, ta haɗe da ta Malam Madori. Baitulmalin En'e zai ba da rabi, sauran a ƙara mana a haraji, fatake kuma su yi karo-karo. Maigidana Inuwa (a nan kaɗai nake iya kiran sunansa) ya shigo kamar an yi masa albishir da haihuwa. Wai daga bana an daina zaman damina, bandar kifinsa za ta riƙa isa tashar jirgi ko da ruwa ya kai wuya.

Na ce Allah Ya sa albarka. Me zan ce?

Alhamis, 15 ga Afrilu

Ya ba da nasa karo-karon tun kafin a tambaye shi. Ni kuwa bara nake ta tunawa. Ruwa ya kewaye gari, ba shiga ba fita sai a kwalekwale, fatauci ya tsaya. Damina sukutum yana gida. Bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a rumfa, ina karanta littafi, yana gyaran taru. Bai iya boko ba, amma ya fi ni riƙe labari. In na tsallake shafi don in ga ko yarinyar cikin labarin ta tsira, sai ya ce, "Zinariya, koma baya, kada ki ci amanar mai littafi." Iya, mahaifiyarsa, daga ɗakinta: "Ku bar ƙaryar nan ku zo ga tuwo." Alhali ita ma kunnenta na wajen.

Sauran watannin shekara baƙo ne a gidan nan. Damina kaɗai ce rabona.

Asabar, 17 ga Yuli

An gama. Motar wani direba, Ari, ta shigo har bakin kasuwa. Inuwa ya bi ta da kwandunansa.

Lahadi, 15 ga Agusta

Fadama ta cika, bado ya yi fure, agwagin ruwa sun dawo. Komai kamar bara, ban da shi. Ya zo ya kwana biyu ya koma, ya bar mini sabon littafi daga Kano. Na karanta a zuci. Lami, ba daɗi.

Bayan azahar na roƙi Allah ruwa ya ci hanyar. Astagfirullah. Amma na roƙa.

Laraba, 1 ga Satumba

Ya ci. Jinga ta ɓalle wajen kwalbati. Inuwa yana gida, ya gama ɗaure kaya ke nan zai tafi.

Juma'a, 10 ga Satumba

Ga rumfa, ga tabarma, ga shi. Na karanta masa babi biyu, da gangan na tsallake shafi. Bai ko lura ba. Idonsa na kan kwanduna. Saboda hanya ya sayi kifi bana fiye da kullum, kwalekwalensa kuma ya sayar tun bazara, na haya ba sa ɗaukar irin kayan nan. Ga danshi. Ƙwari sun fara shiga bandar, har tsakar gida ake jin warin.

Na ce, "Ka ji abin da attajirin ya ce mata?"

Ya ce, "Wane attajiri?"

Iya ta leƙo ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Amarya, rufe littafin nan ki kawo masa fura." Bai sha ba.

Ban taɓa lura yana da ramin wuya haka ba.

Talata, 14 ga Satumba

Jiya dagaci ya tara maza. Baitulmali sai baɗi. In ana son gyara yanzu, sai gari ya sayi buhuna da itace da kansa. Inuwa ya dawo, ba shi da abin da zai bayar.

Da safe na sa ƙanwarsa 'Yar'azumi ta ja akuyata ta kai gidan dagaci, na ce kada ta faɗi ta wace ce. Ta tsaya tana kallona, wai, "Yaya, ta aurenki fa?" Na ce dama tana ci mini shanya.

An ce in aka toshe, jibi mota za ta wuce. Na wanke masa rigunan tafiya. Dama sun yi datti.