Zobba Uku na Tarun Kawu

Litinin, 3 ga Maris

Yau na kai ɗalibaina tara su ga jirgin kamun kifi da idonsu, ba a allo ba. Kyaftin ya amince mu bi su har mako guda. Kawu ne mai kula da tarun jirgin, shekara talatin ke nan. Da ya gan ni da littafi a hammata sai ya ce, “Yau boko ya zo gaida ruwa?” Yara suka yi ta dariya.

Na nuna musu robobin da ke riƙe bakin taru a saman ruwa, da dalmar da ke jan gindinsa ƙasa, da zobban ƙarfe da igiya ke bi ta cikinsu. Na ce kamar mazagin wando ne, an ja, gindi ya tsuke, kifi ba mafita. Don su gane sosai, da Kawu ya tafi cin abinci na zare igiyar, na sake zura ta da hannuna. Har tafi suka yi mini. Na ji daɗi, ban ɓoye ba.

Talata, 4 ga Maris

An zagaye garken kifi, irin wanda suka ce rabonsu da shi wata biyu. Inji ya ja igiya, gindin taru ya ƙi rufewa. Muna kallo kifi na zurarewa ta ƙasa. Da aka ɗago, zobba uku a jere suna lilo, igiya ba ta bi ta cikinsu ba.

Kyaftin ya yi kan Kawu. “Tsoho, in idon ya mutu ka faɗa mana! Asabar ka kwashe allurarka.”

Kawu ya kalli zobban, bai kalle ni ba. Ya ce, “To.”

Ni kuwa na buɗe littafina, na yi kamar ina rubutu.

Laraba, 5 ga Maris

Ban iya karin kumallo ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗaliba mafi ƙoƙari a ajina ta tare ni a bakin tsani. “Malam, zobba nawa ka ƙirga ran Litinin?” Na ce ta koma wajen aikinta. Har da tsawa. Ni da kullum nake ce musu tambaya ba laifi ba ce.

Da yamma na je gidan Kawu. Yana tsakar gida yana ɗinke ragar wani. Matarsa ba ta amsa gaisuwata da kyau ba, ashe ta sani. Na fara kame-kame, ya katse ni. “Ɗan nan, ni na gama cin zamanina. Kai yara ke kallo. Bar shi haka.”

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 8 ga Maris

Kawu ya zo da buhun da zai kwashe kayansa. Na faɗa wa Kyaftin, a gaban ma'aikata da yarana tara. Na ce ni na zare igiyar, ni na tsallake zobban.

Kyaftin ya dube ni. “Malam, takarda nawa ka karanta kafin ka iya sakin kifi haka?” Ma'aikata suka tuntsire. Sannan ya ce wa Kawu ya ajiye buhu, ni kuma kada hannuna ya ƙara taɓa ko igiyar shanya a jirginsa.

Kawu ya yi fushi da ni. Wai na zubar da girmana a banza.

Litinin, 10 ga Maris

Babu wanda ya yi fashi a aji. Na ɗauka za su riƙa ƙunshe dariya, ba su yi ba, ko kuma sun iya ɓoyewa.

Darasin zobba na gobe Kawu zai bayar, da ƙyar ya yarda. Na sa an ƙara kujera ɗaya a layin baya. Don in kula da masu surutu ne kawai.

Na dai feƙe fensir biyu.