Kada Ka Rushe Mini Zaure

Zuwa ga ɗana Muntaka, a gida Dawakin Tofa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da mahaifiyarka, da matarka Maijidda da yara. An gama yankan gero? Dawar bayan gida ta nuna?

Albishirinka! Jiya a nan Suwidin jikata Nana Hafsat ta kare bincikenta a gaban malamanta, yanzu sai dai a ce Dakta. Na yi hawaye, ban ɓoye ba. Turancinsu ya fi ƙarfin karatuna na ajin yamma, amma da muka dawo masauki ta yi mini bayani. Ta ce idan aka tsare iska a wani mitsitsin mazubi da ido ba ya gani, aka sanyaya ta ƙwarai, siffar mazubin tana canza yadda take riƙe zafi da yadda take tura bango. Ko girmansu ɗaya, zagayayye daban, mai kusurwa daban.

Na ce ai zancen zaurena ke nan. Ta yi dariya ta ce, "Kai tsoho, ni ba zaure na auna ba!"

Lafiyata ƙalau. Ɗakin da aka ba ni ya fi zauren girma, ga ɗumi, amma numfashina bai sake a cikinsa ba. Kusurwa huɗu, babu mai sallama. Gwiwar ma ta ɗan motsa, kada mahaifiyarka ta ji.

An ce bulon da za ka gina sabon zaure mai kusurwa da shi ya iso. Don Allah kada ka rushe zagayayyen zauren nan, ka bari in dawo in shimfiɗa buzuna a ciki. In za ka yi gardama, ka sani yanzu ina da Dakta.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Malam Kassimu