Inna, Wata Bakwai Rabona da Ƙwaya

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, yau wata bakwai rabona da ƙwaya. Ke ya kamata ki fara ji, don ke kika fara gane halin da na shiga.

Kin tuna sanda na fara kilando, ina ɗaukar fasinja a mashin daga Chagoua zuwa cikin gari. Abokan aiki suka ce ƙwaya ɗaya a kofin shayi tana kashe gajiya. Ɗaya ta koma uku. Ba ki taɓa tona min asiri a gaban ƙannena ba. Sai dai ki dubi idona ki ce, "Sani, jiki amana ne, ba jaki ba."

Ranar da kika rasu a buge nake. Na ɗauki makararki, amma har yau ban san wanda ya ja miki salla ba. Wannan ya fi komai ci min rai, kuma duk da haka ban bari ba.

Sai ranar da naƙuda ta kama matata Hadiza da hantsi. Na ɗauko ta a mashin zuwa asibiti, a hanya idona ya rufe, muka zube cikin yashi a gefen titi. Wata mai sayar da kifi ce ta tare mota ta kai ta. Ni ina zaune a ƙasa, ko miƙewa na kasa. Allah Ya tsare, ta sauka lafiya. Mace ce, sunanki aka sa mata, muna kiranta Ummi.

Barin bai zo da sauƙi ba. Sati biyu ina amai da rawar ɗari. Kawu Isa, ƙaninki, ya ɗauke ni zuwa lambunsa a Toukra, ina ban ruwan albasa har ƙarfina ya dawo. Wani lokacin raina yakan biya, ba zan ɓoye miki ba. Na dai sake tasha, na sake abokan shayi.

Jiya Hadiza ta yarda ta sake hawa bayana, Ummi a goye. A hankali na tuƙa, Inna. Har masu keke suna wuce mu.

Ki yafe min. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya riƙa hannuna kada in koma, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Ɗanki da ya makara,
Sani